Muryoyin Passamaquoddy da Tarihin Neman Izinin Masu Harshe

A watan Maris na 1890 wani masani mai suna Jesse Walter Fewkes ya sauka a garin Calais na jihar Maine a Amurka, ɗauke da na'urar ɗaukar murya ta Edison. So yake ya gwada ta kafin ya tafi wurin al'ummar Zuni. Mutanen Passamaquoddy suka rera masa waƙoƙi, suka ba shi labarai da kalmomin harshensu, ya naɗe a faya-fayan kakin zuma masu siffar gwangwani. Guda 31 suka tsira, kuma suna cikin na farko-farko da aka taɓa naɗa a wurin 'yan asalin Amurka.

Daga nan muryoyin suka yi nisa da gida. Gidan tarihi na Peabody a Jami'ar Harvard ya ajiye su, a 1970 aka mayar da su Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka. Al'adar wancan zamani ita ce mai na'ura ke da suna a rajista, mai murya kuwa ba a neman shawararsa.

Sauyi ya zo da jan ƙafa. A 1979 ɗakin karatun ya fara juyar irin waɗannan faya-fayai a kaset yana mayar wa ƙabilu, sai dai ƙarar ta yi yawa har da ƙyar ake tsintar kalma. A 2006 ma'aikatan adana tarihi, 'yan asali da waɗanda ba 'yan asali ba, suka tsara ƙa'idojin tuntuɓar al'umma kafin a buɗe kayanta ga jama'a. Ƙungiyar ma'aikatan adana tarihi ta Amurka ba ta amince da su ba sai 2018. Shekara goma sha biyu, a kan maganar da ba ta wuce sallama kafin shiga gida ba!

Dabara mafi amfani daga Ostareliya ta fito. A 2007 Kim Christen da al'ummar Warumungu na Tennant Creek suka gina manhajar Mukurtu, wadda ke bai wa dattawa ikon cewa wannan na mata ne, wancan na dangi kaɗai, hoton mamaci kuma a rufe shi.

Da aka tace muryoyin 1890 da kwamfuta, sai aka kai su gida. Donald Soctomah, jami'in adana tarihin ƙabilar, da masu jin harshen suka zauna suna saurare, suna rubuta kalmomin, suna gyara bayanan rajista, suna ware abin da bai dace kowa ya ji ba. A 2018 ɗakin karatun ya fara sanya wasu a intanet da tambarin al'ummar: a ambaci masu su, a yi amfani da su don ilmantarwa, kada a yi kasuwanci da su.

Tambarin nan ba shi da ƙarfin doka, kuma wannan giɓi ne babba. Duk da haka, yau Passamaquoddy ne ke zaɓen wanda zai saurari kakanninsu a rumbunsu na Mukurtu.