Hutun Haihuwa a Bariki: Haƙƙi Ne ko Alfarma?

Duk wanda ya daɗe a aikin ɗamara ya san cewa ba a tuna da mace ba lokacin da aka tsara ƙa'idojinsa. Rundunar da muka gada daga Turawa ta maza ce, matan farko kuwa ta ƙofar asibiti suka shigo. Josephine Tolefe, wadda ta fara zama hafsa a 1961, ma'aikaciyar jinya ce; Aderonke Kale, da ta kai manjo janar a 1994, likita ce. Sai a 2011 makarantar NDA ta Kaduna ta ɗauki 'yan mata a kwas ɗin hafsoshin yaƙi, a 2018 kuma sojan ƙasa ya kafa sashen mata. Mata sun ƙaru, amma hutun haihuwarsu bai samu gindin zama irin na farar hula ba. A ganina nan gizo ke saƙa, ba a yawan makonnin ba.

Sashe na 54 na Dokar Ƙwadago ya ba ma'aikaciya mako 12, shida kafin ta sauka, shida bayan nan, da aƙalla rabin albashi in ta cika wata shida a aiki, da rabin awa sau biyu a rana don shayarwa. Sai dai dokar da bakinta ta ce ba ruwanta da sojoji da 'yan sanda. Ma'aikatan tarayya sun samu mako 16 da cikakken albashi tun 2008, Legas ta kai wata shida a 2014, Kaduna ta bi sahu a 2019. Mai kaki kuwa, nata yana cikin kundin sharuɗɗan aiki na cikin gida, wanda manya ke gyarawa lokacin da suka ga dama. Tarihin 'yan sanda ya isa shaida kan haɗarin hakan. Ƙa'idojinsu na 1968 sun ce 'yar sanda ba ta aure sai ta nemi izinin kwamishina a rubuce, wadda ta yi ciki ba aure kuma a sallame ta. Babbar Kotun Tarayya ta soke ta farko a 2012. Ta biyun tana nan har 2021 da aka kori wata 'yar sanda a Ekiti, sai a 2023 Kotun Ma'aikata ta yi fatali da ita, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar da rushewarta a 2024. Fiye da shekara hamsin ke nan, kuma alƙalai ne suka yi gyaran, ba masu gidan ba. Ba mu kaɗai ba ne: Birtaniya ta ci gaba da sallamar sojoji mata masu juna biyu har 1990, daga baya ta biya dubbansu diyya.

Masu ja da wannan suna da hujja, kuma ba ta wasa ba ce. Za su ce soja ba ma'aikatar ruwa ba ce. Daga barikin Dukku na Birnin Kebbi har hedikwatar Runduna ta 8 a Sakkwato ba hannun da ya yi yawa, balle bayan harin Lakurawa a Mera cikin 2024. Haka ne. Amma cikin dukan abubuwan da ke raba soja da bakin aikinsa, haihuwa ce ke ba da sanarwa watanni kafin ta zo. Rauni ba ya yin haka, zazzaɓi ma haka. Rundunar da ke iya tura hafsa kwas na watanni a Jaji ta cike gurbinsa ba za ta kasa tsara wata huɗu ba, kuma asarar wadda aka kashe kuɗi aka horar ta fi tsada. Wasu kuma za su ce tsohuwar ƙa'idar 'yan sandan nan tarbiyya take karewa. Da tarbiyya ce, da ta taɓa namijin da ya yi cikin, da kuma ba ta sa shinge a gaban auren sunna ba.

Hujjar da aka fi ji a unguwar Gesse ta Birnin Kebbi ita ce 'ya'yanmu mata ba su cika shiga aikin ba, don haka maganar ta wasu ce. An juya zancen ne. Uba a Birnin Kebbi ko Argungu, kafin ya yarda 'yarsa ta sa kaki, aure da haihuwa zai fara tambaya: za a bar ta ta zo goyon ciki? Za ta gama wankan jego ta yi arba'in a gaban uwarta? Jaririn fa, wanda asibiti ke cewa a ba shi nono zalla har wata shida? Muddin amsar ita ce sai yadda oga ya ce, ba zai sa hannu ba. Alhali a kan iyakar Kamba da shingayen hanya mace ce ta dace ta binciki mace, ita ce kuma wadda aka ci wa zarafi za ta iya buɗe wa ciki da harshen gida.

Don haka kirana ga sanatoci da 'yan majalisar wakilai na Kebbi ne. Su nemi a rubuta cikin Dokar Sojoji da Dokar 'Yan Sanda cewa hutun ba zai gaza mako 16 da cikakken albashi ba, ba za a tura mai jego daji ba sai jaririnta ya cika wata shida, hutun kuma ba zai taɓa mata ƙarin girma ba.