Miki a bakin Kwara: daga bagaruwa zuwa nonon gwanda

Wanda ke noman shinkafa a fadamun Madekali, gabas da Malanbil a ƙasar Benin, bai rabuwa da yankan lauje, kuma ƙafar da ta wuni cikin taɓo ba ta barin miki ya kame da wuri. Kakannin Dandawa da Hausawan wannan yanki garin bagaruwa suke barbaɗawa, irin wanda wanzami ke sa wa ɗan kaciya. Likita Dalziel ya tattara sunayen irin waɗannan itatuwa cikin littafinsa na 1916. Bagaruwa tana tsotse ruwan miki ta ɗaure fata, sai dai ba ta iya cire naman da ya riga ya ruɓe.

Sai zamanin kafso ya zo, bayan yaƙin duniya na biyu. Gadar da ta haɗa Malanbil da Gaya ta sa kasuwa ta bunƙasa, magani ya zama hajar tebur. Har gobe za ka ga mutum ya ɓare kafso ja da rawaya ya zazzage garin a kan gyambo, ya ɗaure da tsumma. Gwamnatin Benin ta kai samame kan masu sayar da magani a kasuwar Dantokpa ta Kwatano a 2017, amma ƙwayoyin cuta sun riga sun saba. Binciken da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ce ƙwayoyin da ba sa jin magani sun kashe mutum miliyan 1.27 a 2019, kuma Afirka ta Yamma ce ta fi jin jiki.

Wannan ne ya sa masana suka waiwayi furotin na tsirrai. Abin ba sabo ba ne. Tun 1879 wasu Faransawa biyu, Wurtz da Bouchut, suka ware sinadarin papain daga farin nonon da ke tsattsafowa idan aka karci ɗanyar gwanda. Aikinsa shi ne narkar da mataccen nama, wato shimfiɗar da ƙwayoyin cuta ke kwanciya a kai, har jan nama mai rai ya bayyana. A 1999 likitocin asibitin Royal Victoria da ke Banjul suka bayyana yadda suke dama naman gwanda, su shafa a bandeji, su rufe ƙunar yara da shi kullum. A ganina nan ne darasin ya fi kusa da mu, domin gwandar bayan ɗaki ce, amma a hannun ma'aikacin jinya mai wanke miki.

Ba a rasa cikas ba. A 2008 hukumar magunguna ta Amurka ta hana sayar da man papain mara rajista, saboda wasu jikinsu ya ƙi shi. Abarba ce ta yi gaba: maganin NexoBrid, da ake haɗawa daga furotin na karan abarba, ya samu izinin Turai a 2012, na Amurka a 2022. Tsadarsa ta fi ƙarfin ɗakin shan magani na karkara, a Benin, ƙasar da ke fitar da abarba zuwa Turai daga yankin Allada.