Riƙo: tarihin da ke cikin gidajenmu

Ƴan'uwa matasa, ku tambayi kakanninku wa ya raine su. Da yawa za su ce gwaggo, ko kawu, ko kishiyar uwa. Tun ba a san ofishin kula da yara ba, riƙo ke tallafe maraya.

A 2005, bayan fari da farin ɗango na 2004, gero ya gagari talaka. Uwaye daga Agye da Gidan Rumji suka cika cibiyoyin likitocin MSF, yara sai ƙashi da rai. To, uwa ta tafi jinyar ɗaya, sauran fa? Dangi da maƙwabta suka riƙe su, alhali nasu rumbun ma wayam.

A 2019 kuma mutanen Sakkwato da Zamfara suka tsallako gudun ƴan bindiga. Kafin HCR ta zaunar da su a Garin Kaka da Cadakori, ƙauyukan bakin iyaka ne suka raba musu ɗaki da tuwo.

Amma fa mu ji tsoron Allah mu faɗi gaskiya: akwai ƴar riƙon da ke yini talla a tashar Gazawa, ƴaƴan gida kuwa suna lakwal. Dā dattijon unguwa zai taka har zaure ya yi magana. Yau ku ne ke sayen gyaɗarta, kun kuma san gidan.