Tarihin Haɗin Gwiwar Ƙwaƙwalwa da Mutum-mutumi

Sa'ad da na fara bin diddigin wannan tarihi, zatona mutum ne ke ba da umurni, inji kuwa nasa bi ne kawai. Ashe abin ba haka yake ba.

Asalin maganar daga Jamus ne, inda a 1924 wani likita mai suna Hans Berger ya fara auna ɗan lantarkin da ƙwaƙwalwar mutum ke fitarwa. A 1973 Jacques Vidal na Jami'ar Kalifoniya ta Amurka ya kawo shawarar a sada wannan lantarki da kwamfuta. Zuwa 2008, a can Jami'ar Pittsburgh, har birai sun ciyar da kansu da hannun inji wanda ƙwaƙwalwarsu ke tuƙawa.

To, a 2011, a Amurka dai, Cathy Hutchinson, wadda ta yi kusan shekara 15 da shanyewar jiki, ta kai gorar gahawa bakinta da hannun mutum-mutumi, bayan an dasa mata wata 'yar na'ura mai tsinke 96 a ƙwaƙwalwa. Ita ke nufin inda hannun zai dosa da lokacin da zai kama. Ɗaga gorar da karkata ta kuwa, tun farko an koya wa injin.

Wato kamar mahayi da doki ne: linzami na hannun mahayi, amma doki ya san inda zai sa kofato. A ganina, ga wanda ya shekara yana jiran a ba shi ruwa a baki, wannan kurɓi ɗaya ba ƙaramin 'yanci ba ne.