Gardamar Malaman Kimiyya Kan Ƙwayar Zarra

Wani mai saurarenmu ya aiko da takarda yana tambaya, wai shin gaskiya ne an taɓa kayar da Albert Einstein a gardamar ilmi? In kuwa haka ne, maganar wa za a kama ke nan?

To Malam, gaskiya ne. A shekarar 1927 manyan malaman kimiyya suka hallara a birnin Brussels na ƙasar Beljiyam don tattauna wani sabon ilmi da ake kira kwantum, watau ilmin halayyar ƙananan abubuwan da ke cikin ƙwayar zarra, waɗanda ido ba ya gani. Ilmin ya ce kafin a auna, ba mai iya faɗin takamaiman inda ɗan abin nan yake, sai dai ƙiyasi. Niels Bohr, mutumin Denmark, ya tsaya a kan haka. Shi kuwa Einstein ya ce sam, ilmin bai cika ba, akwai abin da ya ɓuya.

A 1932 wani gwanin lissafi, John von Neumann, ya fitar da littafi mai hujjar da aka ɗauka ta nuna babu wani ɓoyayyen abu. Saboda girman sunansa, galibin malamai suka karɓa ba bincike. A 1935 wata Bajamushiya, Grete Hermann, ta gano ɓaraka a hujjar, amma ba a kula ta ba. A 1952 David Bohm ya fito da wani bayani dabam mai ba da amsa iri ɗaya da kwantum, abin da aka ce ba zai yiwu ba. Shi ma aka yi biris da shi.

John Bell, mutumin Belfast, shi ya kawo mudu. A 1964 ya nuna cewa za a iya raba gardamar da gwaji: a saki ƙwayoyi biyu masu asali ɗaya, su yi nisa da juna, a auna kowacce, sannan a kwatanta. John Clauser ya gwada da ƙwayoyin haske a Amurka a 1972, Alain Aspect ya sake a Faransa a 1982. Awo ya ba kwantum gaskiya, tunanin Einstein a kan wannan batu ya faɗi. Bayanin Bohm kuwa gwajin bai kayar da shi ba, har yau ana gardama a kansa. A 2022 aka ba Clauser da Aspect da Anton Zeilinger kyautar Nobel.

Ka ga ke nan, Malam, sunan Einstein bai cece shi ba, sunan von Neumann kuma ya rufe bakin mutane shekaru kusan 30. Amma fa lura, masu ja da manyan nan da lissafi da awo suka zo, ba da musu kawai ba. Ko a kasuwa, komai mutuncin mai hatsi, sai an auna ake biya. Da fatan ka gamsu.