Ɗigo Shida da Abin da Ya Biyo Bayansu

Duk wanda ya yi nazarin tarihin kayan aikin makafi, tun daga allon rubutu har zuwa kwamfuta mai magana, lalle zai tarar cewa mafi amfaninsu sun fito ne daga hannun makafin kansu, domin mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

A shekarar 1809 aka haifi Louis Braille a wani ƙauye kusa da birnin Faris, mahaifinsa kuwa baduku ne mai ɗinkin linzami da sirdi. Yana ɗan shekara uku basilla ta soke masa ido a rumfar uban, ciwon ya harbi ɗaya idon, har Allah Ya ƙaddara masa makanta. Da ya shiga makarantar makafi ta Faris, sai ya iske ana koyar da su da manyan haruffa masu tudu, waɗanda karatunsu ke da wahala, rubutunsu kuwa ya fi ƙarfin almajiri. Daga bisani aka kawo musu tsarin rubutu na wani mai suna Charles Barbier, mai ɗigo goma sha biyu. Amma yaron, da yake da yatsa yake karatu, ya fahimci abin da ya shige wa masu ido duhu, watau harafin ya fi kan yatsa girma. Saboda haka ya rage shi zuwa ɗigo shida, ya wallafa ƙa'idarsa a 1829, ko da yake hukuma ba ta karɓe ta ba sai 1854, shekara biyu bayan rasuwarsa.

Wannan hikima ita ta buɗe wa makafi ƙofar ofis. A 1951 keken rubutun ɗigo na Perkins ya fito a Amurka, a 1953 kuma aka kafa makarantar makafi ta Gindiri a ƙasarmu. Da zamanin kwamfuta ya zo, Ted Henter, wanda haɗarin mota ya makantar, ya jagoranci ƙera manhajar JAWS mai karanta rubutu da murya, sa'an nan wasu makafi biyu 'yan Ostareliya, Michael Curran da James Teh, suka samar da irinta mai suna NVDA kyauta.

Don haka wajibi ne ga shugaban ma'aikata, kafin ya kashe ko sisi wajen sayen na'ura, ya zauna da ma'aikacinsa mai larurar gani ya binciki irin aikinsa da gwargwadon ganin da ya rage masa, domin wani ƙara girman rubutu ya wadatar da shi, wani kuwa sai murya ko ɗigo. Yadda Braille ya auna harafi da kan yatsa, haka ya kamata a auna na'ura da mai aiki da ita.