Sauti da faifan CD a kan Linux

Lokacin da Linus Torvalds ya saki Linux a 1991, tsarin bai san komai game da sauti ba. A 1992 wani ɗan ƙasar Finland, Hannu Savolainen, ya rubuta direban katin Sound Blaster, wato ƙaramar manhajar da ke koya wa kwamfuta magana da na'urar. Aikin ya faɗaɗa zuwa wasu katunan, aka san shi da VoxWare, daga baya OSS. Matsala ta taso da Savolainen ya haɗa kai da kamfanin 4Front Technologies: sababbin direbobi suka zama na sayarwa, tsohon zubi kuma aka bar shi a cikin Linux. Sai a 2007 kamfanin ya buɗe lambobin manhajar, a lokacin kuwa jama'a sun riga sun yi gaba.

Inda suka nufa shi ne ALSA, wanda Jaroslav Kysela na ƙasar Cek ya fara a 1998, bayan ya yi aiki kan direban katin Gravis Ultrasound. An shigar da ALSA cikin zuciyar Linux a 2002, ya gaji OSS a zubi na 2.6 da ya fito a Disamban 2003. Yana da wata ɗabi'a da ta wahalar da dubban sababbin shiga: yakan tashi da dukkan hanyoyin sauti a kulle. Mutum zai kwana yana zargin katinsa, alhali abin da ya rage kawai ya buɗe manhajar alsamixer ya danna harafin M.

Faifan kiɗa kuwa labarinsa daban ne. Bisa ƙa'idar da Philips da Sony suka tsara a 1980, faifan CD na sauti ba ya ɗauke da fayiloli. Zubin lambobi ne a jere, samfuri 44,100 a kowace daƙiƙa, an yanka su gida-gida, gida 75 a daƙiƙa. Shi ya sa duk wanda ya yi ƙoƙarin buɗe shi kamar faifan bayanai sai ya ga saƙon kuskure. Manhajojin farko irin su xmcd ba sa karanta kiɗan ma. Umarni kawai suke ba injin faifan ya kunna, sautin ya bi wata siririyar waya zuwa katin sauti. In mai haɗa kwamfutar ya manta da wayar nan, abin da ya sha faruwa, sai a ga faifai na juyawa, agogo na tafiya, lasifika shiru.

Mafita ita ce a kwashe lambobin kai tsaye. Wannan ma ba sauƙi ba ne, domin injinan faifai masu araha ba sa komawa daidai inda suka tsaya, sai a ji ƙas-ƙas a cikin waƙa. Christopher Montgomery ya rubuta cdparanoia don maganin haka: tana karanta wuri guda sau da yawa, ta gwada wannan da wancan, har sai ta gamsu.

Sunayen waƙoƙi ma sai da aka yi rigima a kansu. Yawancin faya-fayai ba sa ɗauke da suna, don haka Ti Kan, marubucin xmcd, da Steve Scherf suka kafa rumbun CDDB, inda masu sauraro suka riƙa shigar da sunaye kyauta. Da aka sayar da rumbun, ya koma Gracenote da sharuɗɗa masu tsauri, waɗanda suka yi wahalar suka ga an sa wa guminsu kwaɗo. Daga nan freedb da MusicBrainz suka samo asali. Haka aka yi da MP3: haƙƙin mallakar da cibiyar Fraunhofer ta Jamus da abokanta ke riƙe da shi ya sa kamfanin Red Hat ya cire MP3 daga zubin Linux ɗinsa na 8.0 a 2002, shekarar da Ogg Vorbis, kishiyarsa ta kyauta, ta kai zubi na 1.0. Fedora, magajiyar Linux ɗin Red Hat, ba ta dawo da cikakken MP3 ba sai 2017, bayan wa'adin haƙƙin ya ƙare. Galibin ciwon kan da aka ɗora wa Linux a wannan fanni, in aka bi diddigi, na lasisi ne da mallaka.

Saura batun manhajoji biyu su yi sauti a lokaci guda, abin da katuna da yawa ba sa iyawa da kansu. Sai aka koma ga manhajoji masu haɗa sauti: GNOME ta dogara da ESD, KDE da aRts, masu ɗaukar kiɗa a situdiyo kuma da JACK na Paul Davis, kowa da kiɗansa. PulseAudio na Lennart Poettering ya zo don haɗa kan masu amfani na yau da kullum. Ubuntu, wani nau'in Linux, ta ɗauke shi a 2008 tun bai gama nuna ba, ya sha zagi, wani da hujja, wani kuwa laifin direbobi ne da ya tono. PipeWire na Wim Taymans, wanda ke iya tsayawa a madadin PulseAudio da JACK duka, ya zama zaɓin farko a Fedora 34 a 2021, Ubuntu ta bi sahu a 2022. A ƙarƙashinsa har yanzu direbobin ALSA ne ke magana da katin.